Bizita a Ƙofar Oga Abdulmajeed

Ni Yamusa, shekara tara na yi ina fasa dutse a Mpape, ko yatsa ban rasa ba. Daga nan na koma gadi a Maitama, gidan Oga Abdulmajeed, darakta a wata ma'aikata. Lokacin farar hula sun dawo mulki, gidaje na tsirowa ko'ina, kowanne da katanga mai waya.

Ranar farko oga ya koya mini kalma ɗaya. Ya ce, "Baba, a nan babu baƙo, sai bizita. Turanci ne, su ma Turawan aro suka yi daga wani tsohon harshe, wato wanda ya zo ganin mutum ya koma. Bizita a waje yake tsayawa, sai ka buga waya ciki an ce ka buɗe."

Na ce to. Amma a garinmu ba a tambayar mutum sunansa da ƙishirwa a maƙogwaronsa.

Wata Laraba bayan azahar oga na ofis, gidan daga matarsa Hajiya Nafeesa da jaririyarta sai Catherine mai girki. Wani ya ƙwanƙwasa. Dattijo ne cikin farar shadda, ya jiƙe da gumi. Ya yi sallama cikakkiya, ya gaishe ni har da tambayar iyali.

"Baba, daga Uke nake. A taimaka da ruwa."

Waya tana nan gefena, ban taɓa ta ba. Na buɗe ƙaramar ƙofa, na zaunar da shi a bencina, na ɗebo masa ruwan randa. Da ya ɗaga kai zai sha, rigarsa ta ɗage. Bindiga ce soke a ƙugunsa. Ta ƙofar da na bari a buɗe na hango mota a tsallaken titi, mutum biyu a ciki, ba a kashe injin ba.

Ni da nakiya ta fashe a gabana ban motsa ba, ranar sai da na tsorata.

Ya ajiye kofi. "Hajiya na ciki ko?"

"Tana ciki, ranka ya daɗe. Amma gidan matar aure ne. Babba kamarka ai sai an yi masa iso, a shimfiɗa masa darduma."

Ya daɗe yana kallona. Ya yi murmushi. "Yi sauri, tsoho."

Na juya masa baya. Tsakanin benci da tagar kicin taku arba'in ne, kowane taku ina jiran zafi a tsakiyar bayana. Ban yi gudu ba, na ma tsaya na gyara takalmi.

"Catherine," na ce ƙasa-ƙasa, "kulle ko'ina. Danna jiniya."

"Baba, me kuma ka jawo?"

"Danna, don Allah!"

Jiniyar gidan ta tsage unguwar. Na faɗa bayan tankin ruwa na rufe ido. Na ji takun gudu, ƙofar mota, ƙarar taya. Can sama jaririya ta fasa kuka, ban taɓa jin kuka mai daɗi irinsa ba.

Da oga ya dawo abu ɗaya ya tambaya: "Wa ya buɗe?"

Na ce ni ne. Na ce kuma ni ne na fitar da shi, ba a zubar da jinin kowa ba. Ya ce in tattara kayana. Hajiya ce ta rako ni har titi, riƙe da yarinyar.