Goggon 'Yan Mashin

Ranar Talata ce, ruwa ya kwana yana zuba, hanyar Lolo ta zama kunu. Lauwali na biye da maƙwabcinsa Manu, kowa da buhunan shinkafa daga bakin iyakar Benin, sai tayar Manu ta zame. Mashin ya danne masa ƙirji.

Daga asibitin Bagudo aka tura Manu Birnin Kabi, Lauwali da Ma'azu, taubashin Manu, suka raka shi. Aka saka shi cikin injin hoto. Likita ya ce haƙarƙari biyu sun tsage, za su haɗe. Sannan ya ɗora biro kan wani ɗan tabo kamar ƙwayar gyaɗa a jikin hoton.

"Wannan ba faɗuwa ta kawo shi ba. Ƙulli ne a nononka na hagu. Sau da yawa ba komai ba ne, amma wani lokaci ciwon daji ne. Ka dawo mu ɗebi kaɗan mu auna."

"Likita, ni hwa namiji ne."

"Maza ma suna yi."

Ma'azu ya toshe baki da hula.

Kafin haƙarƙari su haɗe, duk majalisar 'yan mashin ta daina kiran Manu da sunansa. Goggo suke ce masa. Kuma wasan taubashi ba a fushi da shi; wanda ya ɓata rai shi ne marar zumunci. Ranar da zai koma asibiti, ya fito ya tarar da jar rigar mama rataye a kan mashin.

"Goggo, a ɗaura kada su yi tsalle bisa hanya," in ji Ma'azu.

Aka kwashe da dariya. Manu ma ya yi, haƙora kawai. Ya tada mashin, ya juya kansa wajen Lolo maimakon Birnin Kabi.

Lauwali ya bi shi. "Yaya Manu, awo ne kawai."

"In sun auna sun yanke, in dawo in zauna da wa?"

Damina ta zagayo, kan nonon ya shige ciki, daga baya wurin ya fashe. Wani mai magani a tsallaken iyaka ya shafa masa wani baƙin haɗi da ya ci fata. Lokacin da aka koma Birnin Kabi, likita ya ce abin ya bazu.

Wari ya riƙa tsallako katanga har ɗakin Lauwali. Kubura, matar Manu, ta ƙona turaren wuta har ta gaji, ƙudaje ba su fasa ba. 'Yan majalisa kan zo gaisuwa su tsaya a zaure, suna numfashi da baki. Lauwali ne ke juya shi. Yakan fita ya yi amai bayan rumbu, amma ruwan miki bai tada masa zuciya kamar muryar Ma'azu daga zaure ba: "Wanga aikin sammu ne, ku yarda da ni."

Wata Asabar da hantsi Manu ya riƙe hannun Lauwali.

"Suna nan waje?"

"Suna nan."

"Ka ce musu Goggo ta gaji."

Bai kai azahar ba.

A wurin zaman makoki Ma'azu ya fi kowa hawaye, ya fi kowa loma. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Tun faɗuwar nan bai ƙara lafiya ba." Majalisa ta gyaɗa kai. Lauwali ya ture kwanon gabansa ya tashi.

Kubura ta rasa miji. Yara uku sun rasa uba. Mashin ya tafi wajen magani, gonar fadama ta bi shi. Majalisa ba ta rasa komai ba sai wuri ɗaya a kan benci, shi ma wani ya zauna.

Hoton kuwa, Kubura ta toshe tagar da ta fashe da shi. In rana ta faɗa kansa da yamma, daga tsakar gidansu Lauwali na hango ɗan tabon.