Loma Ɗaya ta Baba

Ranar da likita a Faskari ya ce suga ya yi wa Babanmu yawa a jini, ya rage tuwo ya riƙa cin ɗanyen ganye, tun kafin mota ta sauke mu a Daudawa ya yanke hukunci.

"Ni Mani, da hurhurata, in zauna ina tsinkar ɗanyen haki? Halan akuya ya ɗauke ni."

Tun rasuwar Inna shekara uku da suka wuce, ƙanwata Saudatu ke yi masa girki, ni kuma ina leƙowa daga gidan mijina a Sheme. Sati biyu muna lallashi yana kau da kai. Yana ta ramewa, rigarsa ta yi masa yawa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Tsoro ya kama ni sosai, ban dai nuna masa ba.

Da muka ishe shi, sai ya kafa sharaɗi.

"Loma ɗaya tak. In ba ta yi mani ba, kada wadda ta sake shigo mani da ganye gidan ga."

Baba kuwa in ya faɗi magana, ya faɗa ke nan. Loma ɗaya ce ta rage mana a duniya.

Washegari da hantsi muka wanke latas, muka yanka tumatir da gurji da albasa. Saudatu ta jingina wayarta a jikin tulu, ga wata Baturiya tana haɗa abin da ake zuba wa salak, tana murmushi kamar ba ta taɓa ƙona tuwo ba.

"Yaya Hajaratu, ta ce man zaitun."

Ta ruga ɗakin Baba ta dawo da wata 'yar kwalba. Ina buɗewa ƙamshin man zafi ya doki hancina.

"Ke, wannan na shafa gwiwa ne! Kashe shi za ki yi?"

Nan dariya ta fara, ba ta kuma sake mu ba. Baturiya ta ce zuma, muka ce ba da mai ciwon suga ba. Ta ɗauko wani ruwan tsami na kwalba, muka tsinko lemun tsami a bayan ɗaki. Ta ɗauko wani abu rawaya da ko sunansa ba mu iya faɗa ba, muka yi mata Allah raka taki gona. A madadin zaitun na zuba man gyaɗan da na matse da hannuna.

Sai dai man da lemun suka ƙi shiri. Na juya da cokali har kafaɗata ta ƙage, ina tsayawa man ya taso sama ya yi zamansa. Saudatu ta ce ita ta ga dabarar, a kwalba ake girgizawa. Ta juye, ta rufe, ta kama girgiza har da rausaya. Murfin ya yi tsalle. Rabin haɗin ya tafi fuskarta, saura ya sauka kan wata kaza da ke wucewa ba ruwanta.

Na zube ƙasa ina riƙe ciki. Saudatu ido ɗaya a rufe tana ihu, "Lemu, Yaya, lemu!" tana kuma dariya har da shiɗewa.

Daga zaure Baba ya ɗaga murya. "Mi ya faru? Ko hakin ne ya cije ku?"

Muka dubi juna, sannan muka sake fashewa.

Azahar ta gabato, lemu biyu suka rage. Ban san lokacin da hannuna ya kai ga ƙuli-ƙulin da ke cikin kwano ba. Na jefa shi a turmi da tafarnuwa da ɗan barkono, na daka ya yi laushi, na zuba a ƙwarya da mai da lemu da gishiri ɗan tsunkule. Na miƙa hannu na zaro tsohon maburgin da ke soke a rufin madafa, na shiga burgawa. Kafin ka ce me, abu ya haɗe, ya yi kauri, ya yi santsi.

Saudatu ta dangwala ta lasa, ta rangaɗa guɗa.

"Mun ƙirƙiro! Wallahi mun hi Baturiyar!"

Muka yi rawa a tsakar gida, muka raɗa masa suna Salak Ɗan Landan.

Da muka ajiye farantin gaban Baba a kan tabarma, dariyar ta gudu. Muka zuba masa ido. Ya yi bismillah, ya ɗebo loma yana yamutsa fuska, ya kai baki. Ya tauna. Ya daɗe yana taunawa, yana kallon bango. Sai muka ga hannunsa ya koma cikin farantin.

"Wa ya koya maku wannan?"

Saudatu ta ɗaga waya da alfahari. "Wata Baturiya, Baba."

Ya yi dariya har ya ƙware, ya goge ido da bayan hannu.

"Baturiyar taku shekararta uku kwance a maƙabartar Daudawa. Wannan ai kwaɗon uwarku ne. Haka take yi mani shi da zogale tun tana amarya."

Na dubi tafin hannuna, har yanzu da zafin maburgin. Sau nawa na tsuguna gefen Inna tana burga shi a ƙwaryar nan, ban taɓa sanin na koya ba. Kewarta ta kama ni.

Baba ya suɗe farantin tas, ya turo mana shi.

"Gobe ku ƙara lemun tsami," ya ce. "Ita ba ta yi mani rowarshi."