Fuskar Zalika Ta Washe

Zalika ba ta gama sauke ƙwaryar daga bakinta ba, maƙwabciyarta Fadimata ta karɓe ta da yatsu biyu, ta tsuguna gefen rijiya ta hau dirzarta da yashi. Ta dirza ciki, ta dirza waje, ta ɗauraye, ta sake komawa. Sauran matan suka yi kamar igiyar guga ce ta ɗauke musu hankali.

"Kada ki ga laihina," in ji Fadimata, ba ta ko ɗago kai ba. "Ɗiyana na shan ruwa cikinta."

Ƙuraje ne suka jawo mata wannan. Wata uku ke nan da suka feso mata a goshi da kumatu da haɓa, jajaye masu farin kai, wannan ya fashe wancan ya tsiro. Ita kanta ƙyamarsu take yi, balle wani. Amma ta san mafarinsu, don tare suka zo da tashin zuciya da kwaɗayin tsamiya. Ciki gare ta, na fari, wata huɗu. Da ta je ganin gida Korahane, kakarta ta dube ta sau ɗaya, ta ɗauko curin sabulun salo ta danƙa mata. Ta ce ruwan ɗumi da wannan kawai, safe da maraice, ban da matsa, ban da shafe-shafe, ranar da aka sauka lafiya su ma za su kama gabansu.

Sai dai mutanen Dakoro ba su da haƙurin wata tara. Tun da Nasara ya kafa bariki garin ya cika da baƙi, kowa da irin cutar da ya zo da ita, kowa kuma ya zama masanin cutar maƙwabcinsa. Mijinta Rabo yana kai gyaɗa Maradi a kan raƙuma, sai ya yi sati uku ba ya gida. Aka haɗa wannan da wancan, aka ce tunjere ya kwaso mata a wurin matan bariki.

Surukarta Inna Uwale ta san gaskiya sarai, ta ga zanen da ake ɗaurawa sama-sama. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta kashe maganar. To, amma ba a faɗin cikin fari, ana tsoron baki da ido. Ta gwammace a ce gidanta da ciwon kunya da a ce da ciki.

"Gobe kasuwa," ta ce wa Zalika. "Mu tahi wurin lokotoro. Wanga sabunin kakarki ba shi aikin komi."

* * *

Lokotoron, wato likitan, shi ne Mainassara. Ya taɓa wanke kwalabe a wani asibitin Turawa can kudu, aka sallame shi, ya dawo da farar riga mai aljihu uku da akwatin ƙarfe da Faransanci cikin cokali. Kowace ranar kasuwa yakan baza kayansa dab da rumfar dattawa, inda surukin Zalika, Malam Tanimu, yake sayar da akala da igiyoyin raƙumi. Ba don inuwa ya zaɓi wurin ba.

Ya kama haɓar Zalika da hannun da ya gama cin nama da shi, ya juya fuskarta dama da hagu. Warin man shanu da taba ya bugi hancinta, ta haɗiye amai. Ya buɗe akwati ya fito da wata 'yar kwalba mai ruwa ja-ja, da takarda manne a jikinta, an zana ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu.

"Kun ga wanga zane? Hoton cuta ne bayan ta mutu. Matar kumandan da shi take wanke huska."

Ƙarya yake yi, kuma ya sani. Ruwan jiƙa almakashi da wuƙaƙen fiɗa ne, shi da kansa ya sha ganin yadda yake cin ƙarfe. An kuma taɓa ja masa kunne a kan mata masu ciki, shi ya sa ya ƙirƙiro dabararsa. Ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda rumfar dattawa duka za ta ji.

"Amma doka ta likita, sai na tambaya. Yarinya, ba ki da juna biyu ko? Hwaɗi gaskiya, mai ciki ba ta taɓa shi."

Mutanen rumfar suka kasa kunne. Zalika ta ji kamar an tuɓe mata zane a tsakiyar kasuwa. Ga uban mijinta zaune taki biyar daga inda take, ya sunkuyar da kai yana murza igiya. Ta dubi Inna Uwale, ko za ta ja mutumin gefe ta raɗa masa. Inna Uwale ta kafe ta da ido, idon da ke cewa kada ki kuskura ki kunyata mu. A duk ƙasar nan babu 'yar mutuncin da za ta buɗe baki gaban surukinta ta ce tana da cikin fari, Mainassara kuwa ya fi kowa sanin haka.

"A'a," ta ce, da kyar aka ji ta.

"Kun dai jiya, dattawa." Ya miƙa wa Inna Uwale kwalbar. "Ta shahwa sahe da marece, shi bushe bisa huska. Ɗigo ukku cikin kunu, shi kashe uwar cutar daga ciki."

A hanyar gida Inna Uwale sai yabonta take, wai ta nuna ita 'yar gidan tarbiyya ce. Zalika ta ce, a hankali, "Inna, kin ji abin da ya ce game da masu..." Inna Uwale ta katse ta.

"Haka suka cewa ga kowane magani. Ni da na sha sabara da kalgo na haihi bakwai?"

* * *

Ranar farko fuskar ta yi raɗaɗi kamar an watsa mata barkono. Inna Uwale ta ce alamar aiki ke nan. Ta ɗauke curin sabulun ta ba da shi a wanke tukwane, ita ce kuma take ɗiga maganin a kunu da hannunta, ta tsaya sai an shanye. Cikin sati guda bakin Zalika ya koma ɗanɗanon tsohuwar wuƙa. Yawu ya riƙa zubo mata ba ta iya tsayar da shi, dasashinta ya kumbura yana jini, numfashinta ya yi warin da ita ma take kau da kai. Hannunta ya soma rawa in ta ɗauki ludayi. Abin da ya fara motsi a mararta kwanakin baya, wanda take saurare a ɓoye tana murmushi, ya yi shiru.

Wata rana da hantsi abin ya zo, tana tsaye bakin turmi. Aka kira ungozoma, aka saki labulen ɗaki. Da azahar tsohuwar ta fito da ɗan ƙunshi a tsumma, aka haƙa rami bayan rumbu. Namiji ne, har ya yi yatsu.

Mata suka yi ta shigowa gaisuwa. "Ina zazzaɓi? Allah shi ƙara sauƙi." Tunda ba a taɓa cewa akwai ciki ba, ba wanda zai ce an yi ɓari. Rabo ya dawo daga Maradi, ya tsaya bakin ƙofa ya yi mata sannu da jiki, ya fita idonsa jajur. Shi ma kunyar ta ɗaure masa baki.

Bayan kwana arba'in ƙurajen suka bushe, suka zube, kamar yadda kakarta ta faɗa, tunda abin da ya kawo su ya tafi. Fuskarta ta washe tas. Gari ya ɗauka cewa maganin Mainassara ya warkar da tunjere.

* * *

Wata safiya, ranar kasuwa, Fadimata ta shigo da fara'arta, tana roƙon ragowar kwalbar. Ƙanwarta ce, amaryar bara, ƙuraje sun feso mata. Zalika ta san yarinyar, ta kuma gan ta shekaranjiya tana tsotsar tsamiya a bayan danga.

Zalika ta miƙe. Ta shiga ɗakin Inna Uwale ta ɗauko kwalbar, ta yafa mayafi, ta nufi kasuwa. Mainassara na hango ta ya washe baki, ya nuna ta da hannu.

"Ga shaida ta kawo kanta. Ku dubi huskar nan."

Ta buga kwalbar a kan akwatinsa, ta tarwatse.

"Ciki gare ni ran da ka tambaye ni, kuma ka sani. Wanga ruwa ya kashe mini ɗana. Ɗana na fari, yana bayan rumbu."

Mainassara ya kakkaɓe farar rigarsa, ko gezau bai yi ba. Ya juya wajen rumfa.

"Dattawa, gabanku na tambaye ta ko ban tambaye ta ba?"

Suka gyaɗa kai, lalle ya tambaye ta. Wani ya yi salati, wani ya tofar da yawu gefe. Malam Tanimu ya tattara igiyoyinsa ya bar kasuwa tun rana ba ta yi tsaka ba, kansa a ƙasa.

Kafin la'asar magana ta gama gari, amma ba maganar kwalba ba. Ana ta al'ajabin yarinyar da ta tsaya gaban uban mijinta ta ambaci ciki, har ta ce "ɗana" da bakinta. Wasu suka ce 'yan Korahane dama haka suke. Fadimata ta ce Allah ya rufa asiri, ta je ta sayo wa ƙanwarta sabuwar kwalba.

Inna Uwale ta yi kukanta ta share hawaye, ta ce dole a ba bawan Allah Mainassara haƙuri, an ci masa mutunci a wurin sana'arsa. Za a aika masa da fura mai kyau da nonon Fulani. Ta auno gero ta zuba a turmi, ta duba tsakar gida, duk 'yan matan sun tafi rijiya.

Ta miƙa wa Zalika taɓarya. Zalika ta karɓa, ta hau daka.