Roba da Faifan Goggo Baiwa

Wata bakwai Mastura ta yi tana kokawa da wani guntun roba da bai kai akwatin ashana ba. A cikinsa an yanka hanya siririya kamar gashi. Aikinsa, in ya ga dama, jini ya bi hanyar, wani sauti da kunne ba ya ji ya girgiza robar, ƙwayoyin jinin su taru a tsakiya, ruwan ya fita gefe a gwada shi. Da gilashin Turai abin yana yi. Amma wane asibitin unguwa ne a Agege zai iya da tsadar gilashin Turai?

Roba dai ta ƙi. Dakta Kachollom, shugabar ɗakin gwajin da Mastura take aiki, ta ce Litinin ce iyaka, in ba a ga komai ba za a rufe aikin. Abin ya yi wa Mastura zafi ƙwarai, amma ta rantse ba da ita za a rufe ba.

Ranar Asabar ta biya rumfar Goggo Baiwa, ƙanwar babanta mai sayar da wake. Goggo kuwa ba ta san digiri ba, duk wanda ya zauna sai ya taɓa aiki. Ta miƙa mata faifai ta ce ta fitar da tsakuwa. Mastura ta damƙe shi tamau tana jijjigawa, wake da tsakuwa suna nan cakuɗe.

"Ke 'yar nan, kin shaƙe faifan, ta ina zai yi rawa?" in ji Goggo. "Oya, saki hannu, ki riƙe shi da bakin yatsu."

Ta sassauta. Tsakuwa ta gangara gefe guda.

Sai ta tuna sukurori huɗun da ta ɗaure robarta da su a kan ƙarfe, don tsoron kada ta motsa. Ko sallamar kirki ba ta yi ba ta faɗa motar haya ta danfo, sai ɗakin gwaji.

Ranar Litinin, Dakta ta tarar da robar zaune kan 'yan ƙafafu biyu, babu sukuru ko ɗaya. Mastura ta tura jini da sirinji, ta kunna sautin. Dakta ta kafa ido a madubin gwaji, ta daɗe ba ta ɗago ba. Jan zare ne miƙe a tsakiyar hanya, gefe da gefe ruwa garau.

"Wa ya nuna miki wannan?"

"Goggona, madam. Wake take sayarwa."

Dakta ta ja kujera ta zauna. "Sake kunnawa in gani."