Uwar Dutse

Tun Long Qiaoyun tana jaririya mai yawan laulayi, mahaifiyarta ta kai ta kogon bayan ƙauyensu a lardin Guizhou na ƙasar Sin, ta ba da ita riƙo ga wani dogon dutse da ɗigon ruwa ya gina. Aka ɗaura masa jan ƙyalle, aka zuba giyar shinkafa, aka sa wa yarinya suna Shimei, 'yar dutse. Ta kuwa rayu.

Yanzu ga ta ta dawo daga jami'ar da take koyarwa, da ɗalibanta da zarto. Duk kogunan lardin ta zaga, ba ta samu dutsen da ya kai wannan tsufa ba. Abin haushi, sai ka ce da gangan.

Abinci ya ƙi shiga. Ta ajiye tsinkayen cin shinkafa, ta hau bayani.

"Mama, kowane ɗigo yana barin alama a cikinsa. A zamanin ƙanƙara, iska mai nauyi da sanyi ta kan taru a arewa, ta danne iskar teku mai kawo damina. Idan na tsaga shi, zan ga sau nawa ruwa ya ɗauke, da yadda ya dawo."

"Shimei, uwarki za ki yanka don ki ji labarin ruwan da ya bushe tun kafin a haifi kowa?"

"Dutse ne fa, Mama."

"Dutse? Lokacin da kike gudawa kamar 'yar kaza, karatun naki ne ya tsayar?"

Tsoro ya kama Qiaoyun, don ta san tsohuwa ba ta yafiya da wuri. Amma damina ta rikice wa lardin, gonaki na ƙonewa, ita kuma tana ganin amsar na cikin dutsen.

Da safe ta kwance jan ƙyallen da hannunta, ta ba ɗalibai umarni. Ƙarar zarton har cikin haƙoranta.

Da ta dawo gida, ta tarar an ɗaure mata naman alade mai hayaƙi da barkono, irin guzurin da ake yi wa manyan baƙi. Ta miƙa ƙyallen, mahaifiyarta ta karɓa da hannu biyu, har da rusunawa.

"Mama, zan dawo da bikin sabuwar shekara."

"To, madalla. A sauka lafiya, Malama Long."