Injin Niƙan Marigayi Kamilu

Mansura ta dawo daga bita a Katsina da sabuwar jaka da riga mai tambari, cike da yaƙinin cewa daga ranar babu yaron da zai sake shigowa hannunta ba tare da tsari ba. Aiki take yi da wata 'yar ƙungiya mai kula da marayu a ƙasar Faskari. A wurin bitar an koya masu cewa duk yaron da ya shiga matsala sai an zauna da danginsa, an ji ta bakinsa shi kansa, an raba wa kowa aikinsa, sannan a sa lokacin da za a dawo a duba. Shugabanta Malam Abdulƙarim ya saurare ta yana ɓare gyaɗa. Da ta gama ya ce abin ya yi kyau ƙwarai, ga wata rigima nan ta taso a Tafoki, ta je ta gwada sabon iliminta tun yana da zafi.

Rigimar kuwa ta 'ya'yan Kamilu mai injin niƙa ce. Mota ta kife da shi a hanyar dawowa daga kasuwar Ƙanƙara, ko asibiti ba a kai da shi ba. Matarsa Mero ta daɗe da rasuwa, wurin haihuwar ƙaramar 'yarsu. Ya bar Uwais ɗan shekara goma, da Ummi 'yar shekara shida, da injin. Yayansa Malam Salihu ya ce shi zai riƙe yaran, ƙanensa Lawwali ɗan acaba ya ce sai dai bayan ransa. Ranar sadakar uku har sai da suka ci kwalar juna a gaban masu gaisuwa.

Da Mansura ta isa garin, gidan Malam Salihu ta fara zuwa ta ce tana son ganin yaran. Ya ce ai Lawwali ya ɗauke su ya ɓoye. Ta je wurin Lawwali, ya rantse yayansa ne ya kulle su a ɗaki. Abin da su biyun suka san inda yake shi ne injin: yana cikin rumfarsa, ƙofar ɗauke da kwaɗo biyu, kowa ya danna nasa. Matan unguwa kuma tun rasuwar sai can bakin kasuwa suke aika niƙa, suna tsine wa kwaɗunan.

Wata mai ɗiban ruwa ce ta nuna mata gidan Baraka, maƙwabciyar marigayin, bazawara mai suyar awara. Nan ta tarar da yaran. Uwais yana hura wuta, Ummi tana zaune kan turmi ana yi mata kitso tana kuka. Baraka ko tashi ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta ɗauki kowa ba, ranar jana'iza suka shigo cin abinci suka ƙi tafiya, ita kuma ba ta da ƙarfin ja.

Mansura ta durƙusa daidai tsayin Ummi kamar yadda aka koya mata, ta ba ta takarda da fensir ta ce ta zana mutanen gidansu. Yarinyar ta daɗe tana zane, ta miƙo mata akuya. Uwais kuma sai da aka rantse masa ba allura aka zo yi ba kafin ya buɗe baki. Ya ce Baffa Salihu har yanzu Uzairu yake kiransa, Baffa Lawwali kuma tun da matarsa ta tafi ko tukunya babu a gidansa. Ya ce shi ya fi son nan, don Inna Baraka in ta yi duka sau ɗaya take yi, kuma tana gamawa take zuba abinci. Daga nan ya sunkuyar da kai ya ce Ummi ta koma fitsarin kwance tun da Baba ya tafi, shi yake shanya tabarmar kafin mutane su gani.

Kafin ta bar garin ta biya wurin liman, suka daɗe suna magana. Aka sa zama ranar Alhamis a zauren mai unguwa.

Ranar zaman Malam Salihu ya zo da babbar riga, ya yi kuka har da majina, ya ce jinin ɗan'uwansa ba zai kwana gidan bare ba yana raye. Lawwali bai iya kuka ba, sai ya yi ta dukan ƙirji. Mansura ta bar su suka gaji, sannan ta ce ta ji daɗin ganin wannan ƙauna, saura abu ɗaya a fayyace. Liman ya gyara murya ya ce injin dukiyar marayu ne, ba zai bi mariƙi ba. Za a ɗauki mai aiki ya riƙa niƙa, abin da ya shigo na makaranta ne da magani da sutura, shi da mai unguwa za su sa ido har yaran su girma.

Can Malam Salihu ya dafa ƙugu, ya ce shi fa kwanan nan bayansa na damunsa, ga gidan ya yi masa kaɗan, kuma yara sun fi sakewa da mai jini a jika kamar Lawwali. Lawwali ya ce Allah ya kiyaye shi da shiga gaban yayansa, ai ba haka aka rene su ba. Malam Salihu ya ce ya yafe masa girman. Lawwali ya ce bai karɓa ba. Kafin a ankara sun sake miƙewa tsaye, kowa yana rantsuwa ɗan'uwansa ya fi shi tausayi da tsoron Allah, mai unguwa yana tsakaninsu yana riƙe da hular da ta faɗi.

Mansura ta ɗauka ɗaya zai janye ɗaya ya tsaya, ta samu dangin da za ta rubuta. Ta tambayi dangin uwa. Aka ce kakar yaran tana Damari, ta makance, ita ma riƙonta ake yi, hanyar kuma ba kullum take biyuwa ba. Ta duba takardarta, babu inda aka faɗi abin da za a yi idan dangi suka koma rige-rigen tsere wa yara.

Sai murya ta fito daga bayan zana. Ashe Baraka tana nan tun farko da robar awararta.

“Malam, a yi mani aikin gafara, zan sa baki. Ku bar ɗiyan nan inda suke. Amma wallahi ba a banza ba. Malam Salihu shi kawo dawa in an yi girbi, shi kuma wancan mai dukan ƙirji shi kai su makaranta bisa mashin kullum. In ɗaya ya saɓa, ƙofar gidanshi zan aje su in tahi.”

Baffannin biyu suka amince da saurin da ya sa liman ya kawar da kai. Mansura ta samu natsuwa, ta ce ita ma tana da sharaɗi: babu duka. Baraka ta leƙo ta saman zana ta ƙare mata kallo, ta tambaya ko ranƙwashi ma duka ne. Mansura ta ce duka ne. Jan kunne fa? Shi ma. Baraka ta ce to da mi ake son ta rene su, da addu'a? Aka yi ta ciniki har aka tsaya a kan faɗa da baki, gwargwadon ƙarfin muryarta. Aka ƙara da cewa za a kai Ummi asibiti a duba ta, kuma ba mai yi mata gori a kan tabarma. Aka kira Uwais aka karanta masa abin da aka yanke, ya ce ya yarda in dai za a gaya wa Baffa Salihu sunansa. Aka gaya masa a gaban kowa.

Da aka je buɗe rumfar injin, Malam Salihu ya lalube aljihu ya ce makullinsa ya ɓata. Maƙeri aka kira ya fasa kwaɗon, mata suna tsaye da ƙwaryar hatsi suna yi masa kirari.

Bayan girbi Mansura ta koma duba yadda abubuwa suke. Tun daga bakin gari ta jiyo ƙarar injin. Dawar Malam Salihu ta iso, ko da yake Baraka ta ce rabinta ƙwari ne, su ma da alama marayu ne ya haɗo mata. Ummi ta yi ƙiba, fitsarin ya ragu sai jefi-jefi. Uwais yana zuwa makaranta, har an taɓa koro shi saboda ya fasa wa wani baki a kan ya kira shi ɗan riƙo. Mansura ta zaunar da shi ta yi masa nasiha. Baraka ta jira ta gama, sannan ta ce ita ma ta yi masa faɗa sosai, don da hannun hagu ya yi dukan.

Mai aikin injin kuwa, da aka nema aka rasa wanda ya san kansa, Lawwali aka ɗauka. Da safe ya kai yara makaranta, ya dawo ya tayar da inji, liman yana zuwa duk Juma'a ya karɓi abin da aka samu. Mansura ta same shi zaune a ƙofar Baraka, fari fat da gari har gira, ya sa kwanon tuwo a gaba, Ummi tana kwance a cinyarsa tana barci. Ya so ya tashi ya gaishe ta, ya fasa don kar yarinyar ta farka.

Baraka ta ja Mansura gefe. Ta ce ita marayu biyu aka rubuta mata, yanzu ga na uku mai gemu, safe da rana da dare, kuma ya fi sauran ci.

“Ki ƙara cikin takardar nan taki, a nema mashi mata kafin shi cinye mani jari.”

Mansura ta ce wannan ba ya cikin aikinta. Baraka ta ce ai ita ce mai tsari. Ta dube ta daga ɗankwali har takalmi, ta tambaye ta ita 'yar gidan waye ce a garinsu Daudawa, kuma ko an kawo kuɗin gaisuwarta.

Mansura ta rufe jakarta ta ce rana ta yi, za ta rasa mota. Babu wani mai mashin a kusa sai Lawwali. Ya kwantar da Ummi a tabarma, ya karkaɗe rigarsa, garin ya tashi ya sauka a kan baƙar abayarta. Ta hau ta zauna can ƙarshen kujera, ta sa jakar a tsakaninsu. Baraka ta biyo su har bakin hanya tana ce masa ya tuƙa a hankali, ya kuma wanke fuska in zai dawo da ita wani watan.