Ajiyar Mai Rediyo

"Riƙe min wannan, 'yata," in ji tsohon mai gyaran rediyo, ana ɗaga shi daga kan katifa za a kai shi asibiti. "Kada ki ba kowa. Ko ɗana ne ya zo, ki ce ba ki sani ba."

Mai ɗinki ta karɓi gwangwanin madarar. Nauyinsa ya fi girmansa. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da na tsohon, kuma ta san abin da ke cikin gwangwanin. Duk gidan hayar an sani. Farkon damina ya ce ya ga wani haske ya sauka a filin bayan gida, babu ƙara babu hayaƙi. Da safe ya tarar ciyawa ta ƙone a zagaye. Ya auna wurin da igiya, ya ɗebi ƙasa a kwalabe, ya bi maƙwabta yana tambayar wanda ya gani. Daga baya ya tono wani guntun ƙarfe, tsawon ɗan yatsa.

"Baba, baƙin naka ba su bar lambar waya ba?" direban ɗakin bakin ƙofa yakan tsokane shi.

"Yi dariyarka. Ranar da masana suka zo, kai za ka ɗauko su a mota."

A aljihun gaba yake yawo da ƙarfen. Ƙirjinsa ya yi ja, ya yi bororo, yatsunsa suka kumbura. Sai amai, sai gashi ya fara zuba. Shi kuwa murna ya yi.

"Kin gani? Ƙarfen duniyar nan ba ya yin haka."

Ya ƙi zuwa asibiti don kada a raba shi da shaidarsa, har sai da ya kasa tashi.

Mai ɗinki ta ajiye gwangwanin a aljihun keken ɗinkinta, ta ci gaba da aiki. Cikinta ya tsufa. In ta zauna, har gogar katakon keken yake yi.

Bayan 'yan kwanaki tsohon ya rasu da hantsi. Washegarin jana'iza wasu mutane suka shigo gidan cikin fararen kaya, fuska a rufe. Matar da ke gabansu tana riƙe da wata na'ura mai ƙara ƙas, ƙas.

"Ƙunar jikinsa ba ta wuta ba ce," ta ce wa mutanen gidan. "Ya taɓa wani ƙarfe, irin wanda ake sa wa injin duba bututu. Wataƙila a cikin shara aka yar da shi. Yana cin jiki mutum bai ji ba. Ina yake?"

Ta shiga bincike da na'urar. A ɗakin tsohon ƙarar jefi-jefi take. Da matar ta matso jikin bango sai ƙarar ta haɗe, kamar yayyafi a kan kwano.

"Ɗakin waye a bayan bangon nan?"

"Nawa ne," in ji mai ɗinki. "Ya ce kada in ba kowa."

"Ina kika sa shi?"

Ta nuna keken. Matar ta dubi keken, ta dubi cikinta.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka tafi da shi."

"Kina ɗinki a kai?"

"Ai sana'ata ce."

"Fito, 'yar'uwa. A hankali. Kada ki ɗauki komai."

Da dogayen ƙarafa suka ciro gwangwanin. Keken ma aka naɗe shi a leda, aka fita da shi. Direba ya tafi tayar da mota.

Mai ɗinki ta zauna a kan benci a tsakar gida, ta ɗora tafin hannu a cikinta tana jiran motsi. Ta ƙofar da aka bari a buɗe tana hango tabo huɗu a kan siminti, inda ƙafafun keken suka tsaya.